Dschang: abin da ya kamata matafiyi ya sani kafin ya je shan sanyi a tsaunukan yammacin Kamaru

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafi a Garwa da Marwa da Njamena kan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas. A cikin ƙasar Kamaru ɗin nan kuma akwai garin da a wannan lokaci mutane ke kwana da bargo. Garin shi ne Dschang, wanda ake furtawa kamar "Cang", babban birnin gundumar Menoua a Jihar Yamma. Hutun kwana uku ko huɗu a can bai fi ƙarfin iyali mai matsakaicin hali ba, sai dai daɗin tafiyar da lafiyarta sun rataya a kan abu biyu: watan da aka zaɓa, da hanyar da aka bi.

Me ya sa garin ke da sanyi?

Dschang na zaune a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,400 daga doron teku. Iska na yin sanyi ne gwargwadon yadda aka yi sama: duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da wajen digiri 6. Shi ya sa, ko da yake garin bai yi nisa da Duwala mai gumi da ɗumi ba, matsakaicin zafinsa a shekara bai wuce digiri 20 zuwa 21 ba. Da rana akan samu digiri 25 zuwa 28, da dare kuwa a watannin Disamba da Janairu yakan sauka zuwa 13 ko ƙasa da haka. Arewa da garin akwai tsaunukan Bamboutos, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 2,740, kuma sanyin can ya fi na cikin gari nesa ba kusa ba.

Taƙaitaccen tarihi

Mutanen yankin Bamileke ne, harshensu kuma Yemba. Jamusawa ne suka fara kafa sansanin mulki a wurin a farkon ƙarni na 20. Bayan an ci su a Yaƙin Duniya na Farko, garin ya ɗan zauna a hannun Ingila kafin ya koma hannun Faransa a 1920, ya zama hedikwatar yankin Bamileke. Sai bayan samun 'yancin kai a 1960 ne aka mayar da hedikwatar Bafusam.

Sunan da Dschang ya yi na wurin hutu ya samo asali ne daga Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin, jami'an Faransa da ke aiki a Afirka ta Tsakiya ba su da halin komawa gida hutu, sai aka gina musu masauki a 1942 mai suna Centre Climatique, ƙananan gidaje a warwatse cikin itatuwa a kan tudu, domin su murmure daga zafi da zazzaɓi. Gine-ginen na nan har yau. A 1993 aka kafa Jami'ar Dschang, wadda ta yi fice a fannin aikin gona, kuma ɗalibai daga arewacin Kamaru da Cadi na karatu a cikinta. Saboda haka baƙon da ya fito daga arewa ba zai rasa wanda zai yi magana da shi da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Cadi ba.

Wane wata ya fi dacewa?

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Yanayin Dschang bai bi lissafin ƙasar Hausa ba. Damina a can doguwa ce, daga tsakiyar Maris har zuwa Oktoba ko farkon Nuwamba, kuma ruwan da ke sauka a shekara na kaiwa milimita 1,800 zuwa 2,000, wato fiye da ninki biyu na abin da Marwa ke samu.

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu rani ne. Hanyoyin ƙauye a bushe suke, ana iya zuwa ko'ina, dare da asuba akwai sanyi sosai. Amma a wannan lokaci ne Bamileke ke gudanar da manyan bukukuwan tunawa da mamatansu, waɗanda suke kira funérailles da Faransanci. 'Yan asalin yankin na zuwa daga Duwala da Yawunde da ƙasashen Turai, saboda haka daga Juma'a zuwa Lahadi motoci da masaukai kan cika. Wanda ya zaɓi waɗannan watanni, gara ya je tsakanin Litinin da Alhamis, ko ya kama ɗaki tun da wuri.

Daga tsakiyar Maris zuwa Mayu, daidai lokacin da bazara ke gasa arewa, ruwa ya fara sauka a Dschang amma bai yi ƙarfi ba. Galibi safiya tana wayewa garau, hadari ya haɗu da yamma. Ga mai gudun zafi, wannan ne lokacin da tafiyar ta fi biyan kuɗinta, muddin ya tsara yawonsa da safe.

Daga Yuli zuwa Oktoba kuwa marka ce. Hazo kan rufe tuddai, hanyoyin jar ƙasa su zama taɓo, haɗarin zaftarewar ƙasa ya ƙaru. Ba lokacin kai iyali yawon buɗe ido ba ne.

Hanyoyin zuwa

Daga Yawunde, tafiyar kimanin kilomita 350 ce ta Bafiya da Bangangte da Bafusam, duk a kan kwalta. Daga Bafusam zuwa Dschang wajen kilomita 50 ne, tafiyar awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Kamfanonin bas na da motoci kai tsaye daga Yawunde da Duwala.

Masu fitowa daga arewa sukan zo Ngaundere da mota, su hau jirgin ƙasa na Camrail da ke tashi da yamma ya isa Yawunde washegari da safe, sannan su kama bas. Haka ma masu zuwa daga Cadi, ko ta Kuseri da Marwa da Garwa, ko ta Mundu da Tuboro. Akwai wata hanyar da ta fi gajarta a taswira, ta Tibati da Banyo zuwa Fumban, amma wasu sassanta na wahalar da mota, musamman da damina. Duk wanda ya fito daga arewa ya ware kwana biyu na zuwa, biyu na dawowa. Hutun kwana uku ke nan ya zama tafiyar mako guda.

Daga Duwala, hanya mafi kusa ita ce ta Nkongsamba da Melong da Santchou, kilomita 200 da 'yan kai. A ƙarshenta ne ake hawan gangaren da ake kira Falaise de Dschang, inda hanya ke murɗawa daga filin Santchou mai tsayin wajen mita 700 zuwa saman tudu. Wurin na da kyan gani, yana kuma da mugun tarihi. A ranar 27 ga Janairun 2021, cikin dare, wata bas ta yi karo da motar da ke ɗauke da man fetur a wannan hanya, mutum 53 suka rasu. A ranar 5 ga Nuwamban 2024 kuma ƙasa ta zaftare har sau biyu a gangaren, ta binne motoci, aka yi asarar rayuka, aka rufe hanyar na wani lokaci. Abin da ya fi shi ne a hau gangaren da rana, a guji motar dare, a kuma tambayi halin da hanyar ke ciki a tasha kafin a sayi tikiti. Idan ana ruwa da yawa, akwai zagaye ta Bafang da Bafusam: ya fi nisa, amma yana kauce wa gangaren.

Takardu da kuɗi

'Yan ƙasashen ƙungiyar CEMAC, wato Cadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Gabon da Kongo da Ikwatoriyal Gini, ba sa bukatar biza domin gajeriyar ziyara a Kamaru. 'Yan Najeriya ma haka, zuwa kwana 90. 'Yan Nijar da Gana kuwa sai da biza, kuma tun 2023 ta intanet ake neman ta. Kowa na bukatar katin rigakafin cutar shawara. Akwai shingayen jami'an tsaro a kan hanya, don haka katin shaida ko fasfo ya kasance a aljihu, kada a jefa shi cikin jakar da aka ɗora a saman mota.

Wani abin da ke ba mutanen Nijar da Benin da Togo mamaki shi ne kuɗi. Sefar Afirka ta Yamma da ta Afirka ta Tsakiya darajarsu ɗaya, amma takardunsu daban, kuma mai shago a Dschang ba zai karɓi ta yamma ba. A canza tun a Yawunde ko Duwala. Orange Money da MTN Mobile Money na aiki a cikin gari, amma a ƙauyuka tsabar kuɗi ake so, kuma ƙananan canji na da wuyar samu.

Abubuwan gani cikin kwana uku

Ranar farko ta isa a zaga cikin gari. A bakin tafkin da ke tsakiyar Dschang akwai gidan tarihi na Musée des Civilisations, wanda ke baje al'adun Kamaru kashi huɗu: na mutanen daji, na bakin teku, na tuddan yamma, da na yankin Sudan da Sahel, inda baƙo daga arewa zai ga kayan gida. Garin na da ofishin yawon buɗe ido, kuma a nan ne ya fi dacewa a nemi ɗan jagora da direban da aka sani. Da la'asar sai a hau Centre Climatique a kalli gari daga sama.

Rana ta biyu a tashi da sassafe zuwa Djuttitsa, a gindin tsaunukan Bamboutos, inda gonakin ganyen shayi suka lulluɓe tuddai. A hanya ana ratsa gonakin dankalin turawa da kabeji da karas da ake lodi zuwa Duwala har da Gabon, a can sama kuma Fulani Mbororo na kiwon shanu. Wanda ke son ganin fadar gargajiya, akwai ta Foto da ta Foréké-Dschang a gefen gari. Ladabin wurin shi ne ba a miƙa wa sarki hannu, ba a shiga kurmin da ke bayan fada domin wurin tsafi ne a wajensu, ba a kuma ɗaukar hoto sai an nemi izini.

Rana ta uku ta fi kyau a Fumban, kimanin kilomita 70 bayan Bafusam, fadar masarautar Bamun, inda Musulmi ke da yawa. Fadar da Sarki Njoya ya gina a 1917 na nan tsaye, kusa da sabon gidan tarihin sarakunan Bamun da aka buɗe a 2024. Njoya ne ya ƙirƙiro wa harshen Bamun rubutu nasa na kansa, kuma cuɗanyarsa da Fulanin Banyo da fatake Hausawa na daga cikin hanyoyin da Musulunci ya shiga masarautar. Wanda zai koma Yawunde na iya kwana a Fumban ko Bafusam ya wuce daga nan.

Batun tsaro

Gundumar Menoua na iyaka da Lebialem a Jihar Kudu maso Yamma, ɗaya daga cikin wuraren da rikicin yankin masu magana da Ingilishi ya fi shafa tun daga 2017. Cikin garin Dschang ana harkoki yadda aka saba, amma hanyar Fontem ba ta baƙo ba ce. Magangarar ruwa ta Mamy Wata da ke Fongo-Tongo, wadda ta fi kowace shahara a yankin, tana wajen wannan iyaka. Kada a nufe ta sai an ji ta bakin ofishin yawon buɗe ido ko hukumomin gari a ranar da za a je, kuma a dawo kafin magariba.

Abinci, masallaci da lafiya

Yankin Bamileke na kiwon alade sosai, kuma namansa na shiga abinci irin su kondrè, wato dafaffen agade da nama. Musulmi ya tambayi irin naman kafin ya yi oda. Mafi sauƙi shi ne a nufi unguwar Hausawa, inda masallaci yake, inda kuma ake samun mahauta Musulmi da masu tsire, wanda a Kamaru ake kira soya. Daga abincin gari da ya kamata a ɗanɗana akwai koki, wanda ya yi kama da alala amma da manja ake yin sa a naɗe cikin ganyen ayaba, da kirɓaɓɓen gwaza da miyar manja mai launin rawaya, idan an tabbatar da naman da ke ciki. Makon gargajiya na Bamileke kwana takwas ne, saboda haka ranar babbar kasuwa na sauyawa kowane mako, sai an tambaya.

Sanyi bai kore sauro gaba ɗaya ba, akwai zazzaɓin cizon sauro a Dschang, don haka gidan sauro na da amfani. A riƙe rigar sanyi mai kauri ga kowa, musamman yara da tsofaffi da masu ciwon asma, da takalmi rufaffe, da laima idan daga Maris ne zuwa sama. Kafin a biya kuɗin ɗaki a tambaya ko akwai ruwan zafi, domin alwalar asuba da ruwan famfon Dschang a watan Janairu ba ƙaramin aiki ba ce ga wanda ya saba da Garwa. 'Yan babur, waɗanda ake kira benskin, su ne motar haya ta cikin gari, amma a kan jar ƙasa mai santsi bayan ruwa, gara a ɗauki mota ko a jira ƙasa ta sha.