Sina'i: hamadar da aka yi yaƙi uku a kanta

Bayan shirinmu na daren jiya wani mai saurare ya tambaye ni, wai mine ne a cikin Sina'i da har Masar da Isra'ila suka yi ta zubar da jini a kanta? To ga amsa a rubuce, tunda lokaci bai ishe mu ba a rediyo.

A lakkwal malamin jografi ya koya muna kalmar presqu'île, wato ƙasar da saura kaɗan ta zama tsibiri. Haka Sina'i take. Bahar Rum na arewa da ita. Ta kudu Bahar Maliya ta rabu gida biyu ta rungume ta, reshen Suwez ta yamma, reshen Akaba ta gabas. Faɗinta kusan murabba'in kilomita 60,000, ta fi jihar Maradi girma ke nan, amma mutanen da ke cikinta ba su kai miliyan ɗaya ba. Arewa rairayi ne, tsakiya fako da tsakuwa, kudu kuma manyan duwatsu, cikinsu har da Jabal Musa mai tsawon mita 2,285, wanda da yawa ke ɗauka shi ne Ɗuri Sina da muka sani a karatu.

Ba ƙasar noma ba ce. Darajarta wurin da Allah ya aje ta: ita kaɗai ce gadar ƙasa tsakanin Afirka da Asiya. Duk mai son shiga Masar daga gabas da ƙafa ko da doki, dole ya bi ta nan. Ta Al-Arish Amru ɗan Asi ya shigo da rundunar Musulmi a shekarar 639. Ayarin mahajjata da ke tashi daga Alƙahira su ma ta tsakiyarta suke ratsawa, su yada zango a Nakhal, su sauka Akaba, sannan su miƙi hanyar Hijaz.

Abin da ya sake lissafi shi ne mashigin Suwez. Shekara goma ana haƙa ƙarƙashin Bafaranshe Ferdinan de Lesef, aka buɗe shi a Nuwamba 1869. Daga ranar jirgin da zai je Indiya daga Turai ya daina zagaye Afirka. Ingila ta sayi hannun jarin sarkin Masar a 1875, ta mamaye ƙasar a 1882, sannan a 1906 ta tilasta wa Daular Usmaniyya amincewa da iyakar da ta taso daga Rafah zuwa Taba. Ku lura, Sina'i ta zama garkuwar mashigi ke nan. Wanda ya riƙe ta, bindigarsa na kallon jiragen duniya.

Akwai wata ƙofa ta biyu da ba a cika maganarta ba, mashigin Tiran, can ƙarshen kudu kusa da Sharm el-Shek. Wuri ne matsattse, kuma ta nan kaɗai jirgi ke isa tashar Eilat ta Isra'ila da Akaba ta Jodan.

Yaƙi na farko a 1956 ne. Gamal Abdul Nasir ya maida mashigin Suwez mallakar Masar ranar 26 ga Yuli, a ƙarshen Oktoba Isra'ila ta kutsa Sina'i bisa shiri da Ingila da Faransa. Amurka da Tarayyar Sobiyet suka matsa lamba, kowa ya janye. A Mayu 1967 Nasir ya sallami sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya rufe Tiran. Ranar 5 ga Yuni Isra'ila ta kai hari, cikin kwana shida ta cinye Sina'i baki ɗaya. Mashigin Suwez ya zama fagen daga, ya zauna a rufe shekara takwas. Jiragen ruwa 15 suka maƙale a ciki har 1975, ƙurar hamada ta rufe su.

Na ukun shi ne wanda Masarawa ke alfahari da shi, 6 ga Oktoba 1973, goma ga watan azumi. Isra'ila ta tara ganuwar rairayi mai tsawo a bakin mashigi, layin Bar Lef, tana ganin ba mai iya haye ta. Injiniyoyin sojan Masar suka zo da injunan feshin ruwa, suka jawo ruwan mashigin suka narkar da rairayin, tankoki suka wuce. Wallahi duk sa'ad da na karanta wannan sai na yi murmushi, don duk wanda ya ga yadda ruwan sama ke cin tudun rairayi a ƙauyukanmu ya san dabarar. Amma kar mu ƙara gishiri. Masar ba ta ƙwato Sina'i da bindiga ba, sojan Isra'ila ma sun haye zuwa yammacin mashigin kafin a tsagaita wuta. Abin da yaƙin ya yi shi ne buɗe ƙofar ciniki. Anwar Sadat ya sa hannu a Kam Debid a 1978, yarjejeniyar zaman lafiya ta biyo a Maris 1979, Isra'ila ta gama ficewa 25 ga Afrilu 1982, in ban da Taba da sai 1989. Sadat bai ga ranar ba, an harbe shi 6 ga Oktoba 1981 wurin faretin tunawa da wannan yaƙi.

Sharaɗin da aka gindaya shi ne Masar ta taƙaita sojojinta a yankin, musamman kusa da iyaka. A ganina wannan, haɗe da yadda aka daɗe ana mance da Larabawan makiyaya mazauna wurin alhali otal-otal na tashi a bakin teku, shi ya bar giɓin da 'yan bindiga suka shiga daga baya. A Nuwamba 2017 sun kashe mutum fiye da 300 a masallacin Rawda ranar Juma'a.

Shi kuwa mashigin, tsawonsa yanzu kilomita 193, kuma har zuwa 2023 wajen kashi 12 cikin ɗari na cinikin duniya ke bi ta cikinsa. A Maris 2021 jirgi guda, Ever Given, ya gitta a ciki kwana shida, jirage ɗaruruwa suka yi layi a bakin ƙofofin biyu suna jira.