Sababbin magungunan taɓin hankali: abin da ya kamata a sani game da ƙiba da ciwon sukari

A gidaje da yawa, idan mai taɓin hankali ya fara shan magani ya natsu, yana barci, yana cin abinci, har ya yi ƙiba, dangi sukan ce lafiya ta samu. Natsuwar dai alheri ce. Amma ƙibar da ke zuwa da sauri tana iya zama illar maganin, kuma ita ce ƙofar ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya.

Waɗanne magunguna ne?

Maganin farko na wannan ciwo, chlorpromazine (Largactil), an fara gwada shi ne a Paris a 1952. Daga baya aka samu haloperidol (Haldol). Suna aiki, sai dai sukan jawo rawar jiki da sandarewar gaɓoɓi. Rukuni na biyu, waɗanda likitoci ke kira sababbi, ba su cika jawo wannan ba. A cikinsu akwai clozapine (Leponex), risperidone (Risperdal), olanzapine (Zyprexa), quetiapine (Xeroquel) da aripiprazole (Abilify). Yawancinsu sun shiga kasuwa tsakanin 1993 da 2002. Ana ba da su ga masu sikizofireniya da masu ciwon da ke sa mutum ya riƙa sauyawa tsakanin zumuɗi mai tsanani da baƙin ciki mai tsanani.

Yadda suke taɓa jiki

Waɗannan magunguna suna toshe wasu hanyoyin saƙo a ƙwaƙwalwa, ciki har da na histamin da serotonin, waɗanda ke sanar da mutum cewa ya ƙoshi. Sai ya riƙa jin yunwa ko bayan ya ci, yana marmarin kayan zaƙi. Ga kuma yawan barci da kasala da ke rage motsa jiki. Kitse yakan taru a ciki, jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata, sukari da kitsen jini su hau. Wasu ma sukarinsu na hawa tun ba su yi ƙiba ba.

Illar ba ɗaya ba ce. Clozapine da olanzapine ne kan gaba: wani nazari da aka wallafa a 1999 ya nuna suna ƙara kusan kilo 4 cikin mako 10. Risperidone da quetiapine suna tsakiya, aripiprazole kuma illarsa kaɗan ce. Yara da matasa, da waɗanda ba su taɓa shan irin wannan magani ba, sun fi saurin ƙiba. A 2003 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta umarci kamfanoni su rubuta gargaɗin hawan sukari a takardar maganin.

Abin damuwa ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu taɓin hankali mai tsanani suna mutuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sauran jama'a, akasari saboda cututtukan jiki irin na zuciya.

Abin da ake aunawa

Tun kafin a fara maganin ya kamata a auna nauyi, faɗin ƙugu, hawan jini, sukari da kitsen jini, a kuma tambaya ko akwai mai ciwon sukari a dangi. Ana sake hawa sikeli a mako na 4, na 8 da na 12, sannan duk wata uku. Sukari da hawan jini ana duba su bayan wata uku, daga nan sau ɗaya a shekara. Sukarin da ya kai giram 1,26 a lita, da safe kafin a karya kumallo, idan an maimaita awon ya tabbata, ciwon sukari ne. Ƙugun da ya kai santimita 94 ga namiji ko 80 ga mace alamar haɗari ce. Idan nauyi ya ƙaru da kashi 5 cikin 100, wato kilo 3 ga mai kilo 60, lokaci ya yi da za a koma wajen likita.

Yawan ƙishirwa, yawan fitsari musamman da dare, gajiya da gani hazo-hazo suna bukatar awon sukari nan take. Idan aka haɗa da amai da ruɗewa, sai a garzaya asibiti.

Abin da za a yi

Babban kuskure shi ne daina maganin da kai. Yin haka kan dawo da ciwon, sau da yawa da ƙarfi. Likita na iya sauya magani zuwa mai sauƙin illa, ko ya ƙara metformine, wanda ke taimakawa wajen rage ƙibar.

A gida, rage sukari a shayi da fura, barin lemun kwalba da yawan soye-soye, ƙara ganye irin su zogale da kuma wake, da tafiyar ƙafa ta minti 30 a rana suna taimakawa ƙwarai. Ya fi sauƙi idan duk gidan suka yi tare, maimakon a ware majinyaci. Mai niyyar azumi kuma ya tuntuɓi likitansa kan lokutan shan magani tun kafin watan ya kama.