Na'urorin Auna Gogayya da Zaizayewar Ƙarfe: Gwajin Santsin Man Dizal Bayan Rage Sulfa

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin na'urori uku da ake auna santsin mai da su a ɗakin gwaje-gwaje, da irin tambayar da kowacce ke iya amsawa. Matsayinta shi ne, rage sulfa a man dizal, wanda ƙasashen Afirka ta Yamma suka sa a gaba, dole ne ya tafi tare da gwajin santsi, kuma yanayin ɗakin gwajin kansa yana da hannu a sakamakon.

1.0 Gabatarwa

A injinan dizal masu famfo mai juyawa, da na zamani waɗanda matsin mansu kan kai bar 2,000, man da injin ke sha shi ne kuma yake shafe ƙarafan famfo da nozul. Baƙin mai ba ya isa wurin. Ba a ɗauki wannan da muhimmanci ba sai a 1991, lokacin da Suwidin ta fito da dizal mai ƙarancin sulfa, famfunan motoci suka shiga lalacewa tun wa'adinsu bai yi ba. An sake ganin makamancin haka a Kalifoniya a 1993.

Bincike ya nuna sulfar ba ita ce ainihin mai ba da santsin ba. Tacewar da matata ke yi da iskar haidirojin don cire ta, ita ke tafiya da wasu sinadarai masu ɗauke da oksijin da naitirojin, waɗanda kan manne a fuskar ƙarfe su hana shi cin ɗan'uwansa. Ido ba ya gane man da ya rasa su, haka ma gwajin kauri. Sai an goga ƙarfe da ƙarfe a cikinsa an auna tabon.

2.0 Na'ura mai ƙwallo huɗu da ta man jirgi

Na'ura mai ƙwallo huɗu ita ce dattijuwa, domin tun 1933 aka ƙirƙiro ta a kamfanin Shell. Ana ɗaure ƙwallayen ƙarfe uku a cikin kofi, a danna na huɗu a kansu yana juyawa. A ƙa'idar ASTM D4172 faɗin kowane ƙwallo milimita 12.7 ne, nauyi kilo 40, zafi digiri 75, juyi 1,200 a minti, har tsawon sa'a guda. Ta dace da baƙin mai da giris, amma nauyinta ya yi wa dizal yawa. Bambancin da ake nema tsakanin mai biyu sai ya ɓace.

Man jirgin sama kuwa na'urar BOCLE ake yi masa, bisa ƙa'idar ASTM D5001, inda ƙwallo ke zaune a kan zobe mai juyawa wanda gindinsa ke cikin mai.

3.0 Na'urar HFRR

Wannan ce aka amince da ita ga dizal, a ƙa'idojin ISO 12156-1 da ASTM D6079. Tushenta Kwalejin Imperial ta Landan. Ana zuba mililita 2 na mai a kan faifan ƙarfe, a ɗumama shi zuwa digiri 60, sannan ƙwallo mai faɗin milimita 6 ya riƙa kai da komo a kansa sau 50 a daƙiƙa, tazarar milimita 1, da nauyin giram 200, na minti 75. Wannan gajeren zuwa da dawowa shi ne hikimar abin: ba ya ba man damar taruwa ya ɗaga ƙwallon, don haka abin da ake gwadawa shi ne siririn rufin da ya manne a ƙarfen, ba kaurin man ba.

Idan an gama sai a sa ƙwallon a madubin ƙara girma, a auna tsawo da faɗin tabon, a ɗauki tsaka-tsaki. Ƙa'idar Turai EN 590 ba ta yarda tabo ya wuce mikron 460 ba, ta Amurka ASTM D975 kuwa 520. Man da ya faɗi gwajin ana gyara shi da ɗan sinadarin ƙara santsi, ko kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na dizal ɗin tsirrai.

Sai dai bai kamata a ɗauki lambar a matsayin yankan wuƙa ba. Ɗakunan gwaji biyu na iya auna mai ɗaya su sami bambancin gomman mikron, musamman idan an yi sakaci wajen wanke ƙwallo da faifai. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya ƙawata sakamakon mugun mai.

4.0 Abin da ya shafi Afirka ta Yamma

A baya Nijeriya ta yi shekaru da dama tana karɓar dizal mai sulfa har kashi 3,000 cikin miliyan. Gana ta sauko zuwa 50 a 2017, kuma a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da wannan adadi ga man da ake shigowa da shi. Mataki ne mai kyau ga huhun jama'a. Amma manyan motoci, taraktoci da janaretocin asibiti duk famfo gare su, kuma idan famfo ya mutu bakanike kan ɗora laifin a kan ruwa ko datti, alhali mai yiwuwa santsi ne babu. Ya kamata hukumomin Nijeriya irin su SON da NMDPRA su riƙa neman sakamakon HFRR a kan kowane kaya, kamar yadda suke neman na sulfa.

Akwai kuma batun laimar iska, wanda ɗakunan gwaji na arewa ba za su iya kawar da kai gare shi ba. Girman tabo yana canzawa da yawan danshi, shi ya sa ASTM D6079 ta shar'anta laima tsakanin kashi 30 da 85 cikin ɗari. A Kano ko Maraɗi, da hunturu, iska kan bushe ƙasa da haka. Duk jami'ar da za ta sayi HFRR a wannan yanki, sai ta haɗa da akwatin daidaita laima da lantarkin da ba zai yanke ba cikin minti 75 ɗin, domin gwajin da ya tsaya a tsakiya sai dai a sake shi da sabon ƙwallo da sabon faifai.