Daga Rumbun Sumer Zuwa Birnin Ƙanƙara: Tarihin Wasannin Riƙon Jama'a Bayan Bala'i

Gabatarwa

Akwai wani nau'i na wasannin kwamfuta wanda a cikinsa ake ƙaddara cewa duniya ta rushe saboda yaƙi ko annoba ko sanyi, 'yan tsiraru kaɗai suka tsira. Aikin mai wasa shi ne ya shugabance su, watau ya raba abinci, ya ba kowa aikin yi, ya gina matsuguni, ya kai su baɗi da rai. Sau da yawa akan ɗauka cewa tsoron yaƙin nukiliya ne ya haifi waɗannan wasanni. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa asalinsu ya girmi haka, kuma a ajin makaranta aka shuka irinsu.

Mafari

A shekarar 1964 wata malama a Jihar New York ta Amurka, Mabel Addis, ta tsara wasan The Sumerian Game tare da William McKay na kamfanin IBM. Ɗalibi yakan zama sarkin Lagash, ɗaya daga biranen Sumer na dā, ya yanke yawan hatsin da za a ci, da wanda za a shuka, da wanda za a bari a rumbu. A 1968 Doug Dyment ya rubuta taƙaitaccen irinsa, wanda daga bisani ya shahara da sunan Hamurabi bayan David Ahl ya sa shi cikin littafinsa na 1973. A nan sarki yana mulki shekara 10, ɓeraye na cin hatsi, annoba na kashe rabin gari, in kuwa yunwa ta hallaka fiye da kashi 45 cikin 100 a shekara guda, sai a tuɓe shi. Har ila yau, a 1971 wasu ɗaliban koyon malanta su uku a Minnesota suka ƙirƙiro The Oregon Trail, inda ayari ke ratsa Amurka ta ƙarni na 19 da ɗan guzuri. Ke nan tun kafin a kawo zancen rushewar duniya, an riga an kafa ginshiƙin wasan: abinci kaɗan, bakuna da yawa, hukunci a wuyan mutum ɗaya.

Haɗuwa da Labarin Rushewar Duniya

Tsoron nukiliya ya shigo ne ta wata ƙofa dabam. Wasteland na 1988 da Fallout na 1997 sun nuna Amurka bayan bama-bamai sun faɗi, sai dai mai wasa matafiyi ne mai neman tsira da kansa ko da 'yan abokan tafiyarsa. A ɗaya ɓangaren kuma, Dwarf Fortress na 2006, aikin 'yan'uwa biyu Tarn da Zach Adams, ya ba kowane ɗan gari suna da hali da abin da ke ɓata masa rai. Mutanen da a Hamurabi lambobi ne kawai, yanzu sun zama masu fushi da makoki. Hanyoyin nan biyu sun gamu a wasanni irin su Fallout Shelter na 2015, inda ake riƙon jama'a a maɓoya ta ƙarƙashin ƙasa.

Gudummawar Poland

Kamfanin 11 bit studios na birnin Warsaw shi ne ya mai da lissafin ya zama tambayar adalci. A 2014 ya fitar da This War of Mine, bisa darasin ƙawanyar da aka yi wa Sarajevo daga 1992 zuwa 1996, kuma farar hula ake kula da su a ciki. A 2018 Frostpunk ya biyo baya. Labarinsa ƙagagge ne: a ƙarshen ƙarni na 19 sanyi ya rufe duniya, wasu mutanen Landan suka taru gewaye da wata babbar na'urar ɗumi mai cin kwal. Shugaba na iya sa dokar tura yara aiki, ko tsawaita sa'o'in ma'aikata, ko cuɗa abinci da garin katako don ya auku. Ana auna fatan jama'a da ƙorafinsu, in abin ya wuce gona da iri sai su kore shi. Wanda ya kai ƙarshe ta hanyar danniya kuwa, wasan yakan tambaye shi ko tsirar birnin ta kai kuɗin da aka biya.

Kammalawa

Mun ga cewa daga 1964 zuwa 2018 rumbu bai sauya ba, abin da ake tambayar mai rumbun ne ya sauya. Da fari nawa suka rayu, daga baya ta yaya aka rayar da su. A 2020 gwamnatin Poland ta ba da sanarwar sa This War of Mine cikin jerin abubuwan da ake shawartar ɗaliban sakandare su nazarta, watau wasan ya koma ajin da ya fito. Ya rage gare mu malamai mu tabbatar ɗalibin da ya taɓa irin wannan wasa ya koyi tambaya ta biyu tare da ta farko, don kada ya tashi da zaton ƙuncin rayuwa yana halatta wa shugaba kome.