Bangaskiya

Kalma biyu ce ta haɗu ta zama ɗaya: "ban", wato bayarwa, da "gaskiya". Ginin ɗaya ne da ban girma, ban ruwa da ban kwana. Wanda ya ba da gaskiya ya miƙa amincewarsa ke nan, ya yarda cewa maganar wani ba za ta faɗi ƙasa banza ba.

Musulmi sun fi riƙe "imani" da "tawakkali" na Larabci. Kiristoci kuwa suka rungumi wannan ta gida, kuma fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 ta ƙara kafa ta. A sura ta 11 ta Ibraniyawa da ita aka bayyana yadda Ibrahim ya bar ƙasarsu bai san inda za shi ba.

Shi ya sa take da nauyi a bakin Kiristocin Daura, waɗanda da yawansu aiki ko ciniki ne ya kawo su. Malamar da aka yi wa canjin makaranta zuwa Mai'adua ko Zango, in ta ce "da bangaskiya na zo", tana nufin ta bar sanannun fuskoki ta damƙa sauran ga Allah.