Suturar Wasannin Tashe a Ƙasar Hausa

Tashe wasan kwaikwayo ne mai haɗe da waƙa da rawa, wanda yara da matasa ke yi da daddare, gida-gida, daga goma ga watan Ramadan. Da sutura ake gane kowane ɗan wasa, kuma masu wasan ne ke haɗa ta da kansu.

Mai kwaikwayon tsoho yakan liƙa gemun auduga, ya cusa tsumma a baya ya zama doro, ya dogara sanda. Malam yakan naɗa rawani, ya riƙe allo da buzu. Jatau mai magani yakan rataya layu da saiwoyi. A wasan Mairama da Daudu, yarinya ce ke sanya riga da hula ta fito a matsayin miji.

A Kano, Nalako ne ke jagorantar tashen gwauro, inda ake ɗaura wa gwauron igiya a ƙugu.

A 2022 rundunar 'yan sandan Kano ta hana tashe, saboda ɓata-gari na fakewa da shi suna ƙwacen waya. Irin wannan hani na rage damar da yara ke da ita ta gadon fasahar daga yayyensu.