Yadda "anon" ta koyi jinkiri

Shekaru dubu da suka wuce, idan mutumin Ingila ya ce "on an", nufinsa nan take. Daga nan aka samu "anon". Kafin zamanin Shakespeare kalmar ta yi sanyi, ta koma "an jima". A wasansa Henry IV kashi na ɗaya, wajen 1597, da ita Francis, yaron mashaya, yake amsa kira daga ɗakuna biyu, har ya tsaya tsakiya ya rasa inda zai nufa. Ni dai masu alkawari nake ɗora wa laifi: mutum ya ce yanzu, ya gyara zama. Haka "soon" da "presently" suka yi laushi. Yau "anon" sai a raha ko tsofaffin littattafai.